Darasi: Gane makarantar sana'a ta gaskiya, da aikin masu kula da ingancinta

A teburin kariya, inda muke fassara tsakaninku da jami'ai, tambayar karatun sana'a ta yawaita. Wani ɗansa na so ya tafi Duwala ya koyi gyaran waya, wata 'yarta ta ga talla a Facebook cewa za a ba ta difloma cikin wata uku ba tare da ta bar gida ba. Kuɗin da za a kashe gumin iyali ne, wani lokaci akuya ce aka sayar, wani lokaci adashen shekara guda ne. Idan makarantar ta bogi ce, kuɗi sun tafi, shekarar yaro ta tafi, takardar kuma ba ta da amfani a ko'ina. Shi ya sa muka keɓe darasin wannan fitowa ga abu biyu: yadda ake gane koyarwa mai inganci, da kuma sana'ar mutanen da aikinsu ke nan, wadda 'ya'yanmu ma za su iya shiga.

Me ya sa Duwala

Duwala ita ce cibiyar kasuwancin Kamaru, nan babbar tashar jiragen ruwa take, nan masana'antu suka fi yawa. Wanda ya zo daga arewa ko daga gabas yawanci a New Bell yake sauka, a gunduma ta biyu ta birnin. Unguwar ta samo asali a zamanin Jamus, lokacin da Turawa suka ƙudurta tayar da ƙabilar Duwala daga bakin kogin Wuri. Sarki Rudolf Duala Manga Bell ya yi tsayayya da wannan shiri, aka rataye shi ranar 8 ga Agusta 1914. Daga baya New Bell ta zama masaukin baƙi: Hausawa fatake, Bamileke, Basa, da mutanen ƙasashen Afirka ta Yamma. Har yau wanda ya ratsa unguwar Hausawa, ya bi ta Kasuwar Kwango da babbar kasuwa, zai ga teloli, masu walda, kanikawa, masu gyaran waya da firji, kowane da yaransa masu koyo. A tsakaninsu kuma akwai cibiyoyin koyarwa masu allo a ƙofa. Wasu na ƙwarai ne, wasu ɗaki ne kawai da benci. Allon ƙofa ba ya bambanta su.

Abin da doka ta ce

Dokar Kamaru mai lamba 2005/006 ta ranar 27 ga Yuli 2005 ita ce ta tsara matsayin 'yan gudun hijira. Cikin haƙƙoƙin da ta lissafa akwai na ilimi, na aiki da na zirga-zirga. Ke nan ɗan gudun hijira mai katinsa yana da damar shiga makarantar sana'a. 'Yan'uwanmu 'yan Kamaru da rikici ya raba da garuruwansu a Arewa Mai Nisa, ko Arewa maso Yamma da Kudu maso Yamma, su 'yan ƙasa ne, haƙƙinsu bai ragu ba don sun bar gida.

Koyar da sana'a kuma tana da tata dokar, mai lamba 2018/010 ta ranar 11 ga Yuli 2018. Ma'aikatar da ke riƙe da wannan fanni ita ce Ma'aikatar Samar da Aiki da Koyar da Sana'a, wadda ake taƙaitawa MINEFOP. Cibiya mai zaman kanta ba ta da izinin koyarwa sai ma'aikatar ta ba ta takardar amincewa, wadda a Faransanci ake kira agrément. Ku riƙe wannan kalma, domin ita za ku tambaya. Ma'aikatar ce kuma ke shirya jarrabawar ƙasa da ake samun shaidar CQP da diflomar DQP. Takardar CAP kuwa daga makarantun sakandare na fasaha take fitowa, a ƙarƙashin ma'aikatar ilimin sakandare. Gwamnati ita ma tana da nata cibiyoyin, ciki har da manyan cibiyoyi uku da aka gina da taimakon Koriya ta Kudu a Duwala, Limbe da Sangmelima.

A nan mutane da yawa ke ruɗewa. Takardar da cibiya ta buga da kanta, ta sa hatiminta, shaida ce kawai cewa yaro ya halarta. Takardar jarrabawar ƙasa ita ce hukuma ta tsaya a bayanta. Duka biyun suna da amfani, amma nauyinsu ba ɗaya ba ne, musamman ga wanda wata rana zai koma gida. An sa hannu a yarjejeniyar komawar sa kai tsakanin Kamaru, Najeriya da HCR ranar 2 ga Maris 2017, irinta da Afirka ta Tsakiya kuma a 2019. Wanda ya koma Maiduguri ko Bangi da takardar da gwamnati ta bayar yana da abin da zai kai a tantance. Takardar shagon da babu wanda ya san shi ba ta ƙetare iyaka.

Mene ne inganci

Kalmar ba baƙuwa ba ce a wurinmu. A garuruwan Hausa kowace sana'a tana da shugabanta: sarkin pawa, sarkin maƙera, sarkin aska, sarkin magina. Sarkin pawa ba ya barin a kasa naman dabbar da ba ta da lafiya, maƙeri kuma ba ya yaye yaro sai ya ga garmar da ya ƙera da hannunsa. Wannan shi ne kula da inganci. Bambancin yau shi ne ana rubuta ma'aunin a takarda, ana ajiye hujja, ana kuma barin wani daga waje ya zo ya duba.

A makarantar sana'a, inganci yana tsaye a kan abubuwa biyar. Na farko, a rubuta tun farko abin da ɗalibi zai iya yi da hannunsa idan ya gama, misali ya yanka riga ya ɗinka ta shi kaɗai, ko ya ja waya a ɗaki ba tare da haɗari ba. Na biyu, malami ya zama ya yi sana'ar, ya kuma iya koyar da ita, domin ba kowane gwani ba ne malami. Na uku, kayan aiki su ishi ɗalibai, su kuma yi kama da waɗanda ake amfani da su a kasuwa yanzu. Na huɗu, jarrabawa ta zama ta gaskiya, wadda ake iya faɗuwa. Na biyar, a bi sawun waɗanda suka gama, a san ko sun sami abin yi.

Duniya ta tsara wannan a rubuce. Ƙungiyar ma'aunai ta duniya, ISO, da ke Janeba, ta fitar da ma'aunin ISO 9001 a 1987 don kula da inganci a kamfanoni, sannan a 2018 ta fitar da ISO 21001 musamman don makarantu da cibiyoyin koyarwa. A Kamaru hukumar ma'aunai ita ce ANOR, wadda aka kafa a 2009. A Najeriya, hukumar NBTE da ke Kaduna, tun 1977, ita ke tantance kwasa-kwasan kwalejojin kimiyya da fasaha.

Yadda aikin yake a zahiri

Mai kula da inganci yana aiki ne da zagaye mai mataki huɗu: a tsara, a aikata, a duba, a gyara, sannan a sake komawa farko. Ana danganta wannan tsari da Ba'amurken nan Edwards Deming, wanda ya koyar da masu masana'antun Japan bayan yaƙin duniya na biyu. Bari mu ƙaddara misali don a gane.

A ce cibiyar ɗinki ta ɗauki ɗalibai 40. Tana da kekuna 10, amma 3 sun lalace. Ana karatu awa 4 a rana. Kekuna 7 sau awa 4 ya ba da awa 28. A raba wa mutum 40, kowa ya sami minti 42 ke nan a kan keke. Sauran lokacin kallo yake yi. Mai kula da inganci zai rubuta wannan lissafi ya kai wa shugaban cibiya, ya ba da shawarar a gyara kekunan nan 3, a raba ajin gida biyu, na safe da na yamma. Yanzu kekuna 10 sau awa 4, a raba wa mutum 20, kowa yana da awa 2 cur. Ba a sayi keke ko ɗaya ba, amma lokacin koyon kowa ya kusan ninkawa uku.

A ƙarshen shekara sai ya dubi sakamako. Cikin 40, mutum 28 suka kai ƙarshe, 21 suka ci jarrabawa, bayan wata shida kuma 12 ne ke cin abinci da ɗinki. Cibiya za ta so ta rubuta a allonta cewa kashi 75 cikin 100 sun ci jarrabawa, kuma ba ƙarya ta yi ba, domin 21 cikin 28 ke nan. Amma idan aka ƙidaya daga ranar shiga, 21 cikin 40 rabi ne da ɗan ɗoriya, masu aiki kuwa kashi 30 ne kacal. Aikinsa ne ya nemi mutum 12 da suka bari ya ji dalili. Idan ya tarar yawancinsu mata ne masu goyo, ko waɗanda kuɗin mashin ya gagara, to gyaran yana wajen lokacin darasi da wurin ajiye yara, laifin ba na ɗaliban ba ne. Zai kuma je wurin telolin Kasuwar Kwango ya tambaye su abin da yaran cibiyar ba su iya ba, a shigar da shi cikin karatun baɗi.

Kun ga ke nan aikin yana buƙatar lissafi, rubutu, sauraro da rashin tsoro. Wani lokaci rahotonsa ba zai yi wa maigidan da ke biyansa albashi daɗi ba. Wanda za a iya saye da goro bai dace da wannan kujera ba, domin sa hannunsa ne ke sa iyaye su saki kuɗinsu.

Karatu ta intanet

Ranar 18 ga Maris 2020 aka rufe makarantun Kamaru saboda cutar korona, aka koma ba da darasi ta talabijin da rediyo da intanet. A lokacin ne kowa ya ga amfanin karatu daga nesa, ya kuma ga iyakarsa: wanda ba shi da wuta, ko waya, ko kuɗin data, an bar shi a baya.

Akwai hanyoyi na gaskiya da aka buɗe wa 'yan gudun hijira. Kiron, wadda aka kafa a Balin a 2015, tana ba da kwasa-kwasai kyauta. Coursera ta buɗe shirinta na 'yan gudun hijira a 2016. Dandalin Kaya yana koyar da aikin agaji kyauta, da Faransanci da Ingilishi da Larabci. University of the People, jami'a ce ta intanet da aka kafa a 2009, ba ta karɓar kuɗin koyarwa amma tana karɓar na jarrabawa. Sai dai ku sani, takardar gajeren kwas na intanet ƙari ce a kan abin da mutum yake da shi, ba ta maye gurbin diflomar gwamnati.

Mai kula da ingancin karatun intanet yana da nasa tambayoyin. Shin darasin yana buɗewa a ƙaramar waya idan sabis ya yi rauni? Ana iya sauke shi a karanta bayan an ɗauke wuta? Bidiyo yana cin data sosai, to akwai sauti ko rubutu a madadinsa? Idan ɗalibi ya yi tambaya, kwana nawa kafin malami ya amsa? Ta yaya aka tabbatar cewa wanda ya yi rajista shi ne ya rubuta jarrabawa? Manhajar Moodle, da makarantu da yawa ke amfani da ita tun 2002, tana nuna wanda ya shiga da wanda ya daina shiga, don a kira shi tun bai yi nisa ba. Manhajar Kolibri kuwa an yi ta ne don wuraren da babu intanet.

Abu ɗaya ba ya canzawa. Ana iya koyon lissafin kuɗi, harshe da aikin kwamfuta ta waya. Walda, gini, kanikanci da ɗinki sai hannu ya taɓa ƙarfe da yadi. Duk wanda ya ce zai mai da ɗanku mai walda ta WhatsApp kaɗai, ku riƙe kuɗinku.

Hanyar shiga wannan aiki

Ba a farawa daga sama. Ga matakan da muke ba matasa shawara.

Na farko, a kammala sakandare idan da hali: BEPC ko CAP, sannan Probatoire da Baccalauréat, ko GCE ga masu karatun Ingilishi. Wanda ya zo da takardun ƙasarsa ya kawo a duba yadda za a daidaita su.

Na biyu, a koyi sana'a ɗaya da hannu har a sami CQP ko DQP. Wanda bai taɓa zama a kan keke ba ba zai gane kuskuren malamin ɗinki ba. Dokar 2018 ta kuma buɗe ƙofar tantance ƙwarewar da mutum ya samu a bakin aiki, abin da ake kira VAE. Wannan ya shafi iyayenmu da suka shekara ashirin suna sana'a ba su da takarda ko ɗaya.

Na uku, harshe. Faransanci da Ingilishi su ne harsunan hukuma a Kamaru, da su ake rubuta rahoto. Hausa, Fulatanci, Barbarci, Larabcin Shuwa ko Sango da kuka tashi da su jari ne, domin ɗalibi ya fi faɗin gaskiyar damuwarsa da harshen uwarsa.

Na huɗu, kwamfuta: rubuta wasiƙa, lissafi da Excel, da tattara bayanai ta waya da KoboToolbox, wadda ƙungiyoyin agaji ke amfani da ita.

Na biyar, a karɓi ƙaramin aiki: mataimakin malami, mai riƙe rajistar ɗalibai, mai taimaka wa masu karatu a ɗakin kwamfuta, ko mai zagayawa yana tambayar waɗanda suka gama. Daga nan ake zama mai tsara darasi, mai bibiya da tantancewa, har shugaban sashen inganci.

Na shida, ƙarin karatu. A Jami'ar Duwala akwai ENSET, makarantar horar da malaman fasaha. Ga 'yan gudun hijira akwai tallafin karatu na DAFI, wanda gwamnatin Jamus ta fara a 1992, HCR ke gudanarwa. Guraben ba su da yawa, ana gasa a kansu, ana kuma sanar da sharuɗɗan a lokacin neman. HCR ta sa burin cewa zuwa 2030 kashi 15 cikin 100 na matasan 'yan gudun hijira su kai ga karatun gaba da sakandare, kuma koyon sana'a mai zurfi yana ciki.

Gaskiya ɗaya da ba za mu ɓoye ba: aikin gwamnati, irin na sufeton ma'aikata, na 'yan ƙasa ne. Ɗan gudun hijira ya fuskanci cibiyoyi masu zaman kansu, ƙungiyoyin agaji da kamfanoni, ya kuma tuna cewa ƙasar da ke farfaɗowa daga yaƙi tana buƙatar masu wannan ilimi ranar da za a sake buɗe makarantunta. 'Yan mata ma wannan aiki nasu ne. A cibiyoyin da mata suka fi yawa, mace ce za ta ji abin da ba za a gaya wa namiji ba.

Tambayoyi bakwai kafin ku biya ko dala

1. Ina takardar agrément? Ku gan ta da idonku, ku duba suna, adireshi da sana'o'in da aka rubuta. Cibiyar da aka amince mata ta koyar da ɗinki ba ta da izinin koyar da aikin jinya. Ana iya tabbatarwa a ofishin MINEFOP na yanki.

2. Wace takarda ake samu a ƙarshe, ta cibiya ko ta jarrabawar ƙasa?

3. Ɗalibai nawa ne, kayan aiki nawa ke aiki? Ku je ranar karatu ba tare da sanarwa ba. Gani ya kori ji.

4. Nawa ne kuɗin gaba ɗaya, har da rajista, kayan aiki, yunifom da jarrabawa? A rubuta muku.

5. Akwai zuwa koyon aiki a shago ko kamfani? A ina, wata nawa?

6. Waɗanda suka gama bara ina suke? Ku nemi biyu ko uku ku ji daga bakinsu.

7. Ana ba da rasit mai hatimi? Kada a tura kuɗi ta Orange Money ko MoMo zuwa lambar wani mutum da ba ku sani ba.

Gargaɗi daga sashen kariya

Duk hidimar HCR da abokan aikinta kyauta ce. Wanda ya nemi kuɗi don ya sa sunanku a tallafin karatu ɗan damfara ne, ku kawo rahoto. Kada ku bar asalin katinku ko takardun makaranta a hannun kowa, ku ba da kwafi, ku kuma ɗauki hotonsu a waya. Kafin yaro ya bar sansani zuwa Duwala, ku zo a duba takardunsa na tafiya, a san gidan da zai sauka da babban da zai kula da shi. Ku yi hattara da mai cewa zai kai 'yarku birni ta koyi sana'a kyauta, ya hana ku adireshi. Da yawa aikatau ake kai su, wasu abin ya fi haka muni. Malamin da ya nemi wani abu daga ɗaliba don ya ba ta maki ya aikata laifi, kuma ana karɓar irin wannan ƙorafi a asirce.

Aikin gida

Ku zauna da 'ya'yanku ku amsa waɗannan. Mene ne bambancin takardar halarta da DQP? Cibiya tana da ɗalibai 30 da kwamfuta 5, ana karatu awa 3 a rana: minti nawa kowa ke samu? Wace sana'a ce a gidanku aka iya amma babu takardarta? Ku kawo amsoshinku teburin kariya a ranakun sauraro. Wanda ba ya karatu, ɗansa ko maƙwabcinsa ya karanta masa, mu kuma muna nan don fassara.

Allah ya ba 'ya'yanmu ilimi mai amfani, ya zaunar da ƙasashenmu lafiya.